Ciwon Da Ruwan Zafi Ba Ya Gasawa

Cikin al'adun da kakanninmu suka ɗauko daga ƙasar Hausa suka sauke a zangonnin Gana tun zamanin fataucin goro ta hanyar Salaga, da wuya a sami wadda ta riƙe ƙarfinta kamar jego. Harshenmu ya sauya launi, suturarmu ta sauya, an yi auratayya da Dagomba da Mosi da Kotokoli da Zabarmawa, amma har gobe idan mace ta sauka lafiya a Nima ko Sabon Zango ko Aboabo, za a ɗora tukunyar ruwan zafi, a dafa mata romo mai yaji, a dama mata kunu, a nemo tsohuwar da za ta gasa mata jiki safe da yamma. Ran bakwai a yanka rago a raɗa suna. Kwana arba'in ana sa ran ta huta da girki da kasuwa. Waɗanda suka tsara wannan sun san haihuwa yaƙin mata ce, kuma wanda ya dawo daga yaƙi jinya yake bukata.

Sai dai duk wannan hidima jiki take bi. Ana duba ko jini ya ɗauke, ko ciki ya koma, ko nono ya kawo, ko cibiyar jariri ta faɗi. Masu zuwa barka su ce, "Ya ƙarfin jiki? Ya jego?" ita kuwa ta ce, "Alhamdu lillahi," domin amsar da aka koya mata ke nan, babu wata. Ba mu da gaisuwar da ke tambayar halin da zuciyarta take ciki. Ra'ayina shi ne, ciwon damuwa da ke kama mata a lokacin ciki da bayan haihuwa ciwo ne kamar hawan jini da ciwon suga, yana da alamu, yana da magani, kuma babu al'ummar da ta fi mu samun damar gane shi da wuri, tunda mun riga mun ajiye mace kwana arba'in a tsakiyar 'yan uwanta mata. Abin da ya rage shi ne mu koya wa masu wannan hidima su riƙa duba zuciya kamar yadda suke duba jiki.

Abu uku da bai kamata a cakuɗa ba

Na farko shi ne ƙuncin kwanakin farko. Daga kwana na uku zuwa na biyar bayan sauka, fiye da rabin masu jego sukan sami kansu cikin kuka ba dalili da saurin fushi, yanzu dariya an jima hawaye. Dalilinsa sananne ne. A lokacin ciki mabiyiya tana zuba wa jiki sinadaran istirojin da furojestaron masu ɗimbin yawa. Da zarar ta faɗo sai su zube cikin 'yan kwanaki, ga rashin barci, ga zogin ɗinki, ga cikowar nono. Wannan ba cuta ba ce. Hutu da lallashi sun ishe ta, kuma kafin mako biyu ya wuce.

Na biyu shi ne ciwon damuwa na ainihi. Ana gane shi idan ƙunci ya zauna mako biyu ko fiye, kusan kullum, kusan duk yini. Mace ta daina jin daɗin abin da ta saba jin daɗinsa. Barci ya ƙaurace mata ko da jaririn ya yi barci. Abinci ya fita daga ranta. Ta riƙa ganin ita ba uwar kirki ba ce, yaron ya fi dacewa da wata, gidan zai fi samun sauƙi in babu ita. Wata fargaba ce ke cinye ta, ta kwana tana kai hannu hancin jariri don ta ji ko yana numfashi. Wata kuma ta ɗauki ɗanta ta ji kamar ɗan maƙwabta ta ɗauka, sannan kunyar hakan ta hana ta faɗa wa kowa. Yakan fara tun ciki yana nan, yakan kuma ɓulla a kowane lokaci cikin shekarar farko ta goyo. In an bar shi yana iya jan watanni masu yawa, har fiye da shekara.

Na uku shi ne gushewar hankali ta bayan haihuwa. Ba ta da yawa, mace 1 ko 2 cikin 1,000 take samu, amma ta fi sauran haɗari, kuma galibi cikin mako biyun farko take zuwa da gaggawa. Mai jego ta yi kwanaki ba ta runtsa ba kuma ba ta jin gajiya, ta riƙa sambatu, ta ji muryoyin da ba wanda ke ji, ta rantse an musanya mata jariri ko ana shirin kashe shi. Wannan maganar asibiti ce a ranar, kamar zubar jini. Ba a barin ta ita kaɗai da jariri ko na minti ɗaya har sai likita ya gan ta. Mafi yawan waɗanda aka kai da wuri suna warkewa sarai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 na masu ciki da kashi 13 cikin 100 na waɗanda suka haihu suna fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. A ƙasashe masu tasowa adadin ya kai kusan kashi 16 a lokacin ciki da kusan kashi 20 bayan haihuwa. A nan gida ma an bincika. Wani bincike da aka yi a yankin Kintampo aka wallafa a 2014 ya tambayi masu ciki fiye da 20,000, ya tarar kusan 1 cikin 10 tana da alamun ciwon. Mai karatu ya ƙirga sunayen da aka yi a layinsu daga Sallah zuwa Sallah, ya ga mata nawa wannan lissafi zai iya shafa.

Abin da ke jawo shi

Babu dalili ɗaya. Sauyin sinadarai yana samun kowace mace, amma ba kowace ke faɗawa ba. Wadda ta taɓa yin ciwon a baya, ko ake da shi a danginsu, ita ta fi kusa. Sai wadda ta sha doguwar naƙuda ko aka yi mata aiki ba shiri, da wadda ta yi ɓari ko ta binne jariri a baya, da yarinyar da ta haihu da ƙuruciya, da wadda cikin ya zo mata a kan gwanne ko ba ta shirya masa ba. Sai kuma abin da bincike a ƙasashe da yawa ya yi ta nanatawa: talauci, rashin mai taimako, da miji mai duka ko zagi.

A duba yadda zaman zango ya koma. A da mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta haihu a gaban uwarta, ta yi arba'in ba ta ɗauki tsintsiya ba. Yau uwar tana Tamale ko Bawku ko can Nijar, kuɗin mota ya gagara. In ma ta zo, ɗaki ɗaya ne na haya a gidan da ke da ɗakuna goma sha biyu da banɗaki ɗaya, ran takwas sai ta koma. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12, amma mai sayar da koko da ƙosai ba ta da wanda zai biya ta albashin hutu. In ba ta kunna wuta da asuba ba, babu zubin adashi, babu kuɗin makarantar manyan yara. Mijin wata yana ci-rani a Libiya ko Turai, sai a waya ya ga ɗansa. 'Yan matan kayayo da ke kwana da jarirai a bakin shaguna ba su ma san wani abu wai shi jego ba. Ga shi kuma tsarin namu yana da wani rami: kwana bakwai gida cike yake maƙil, ran suna a yi taro har dare, washegari kowa ya watse. Daidai lokacin da ciwon yakan fara kama ƙasa, daidai lokacin ne aka bar ta ita kaɗai da wanke-wanken biki da bashin anko.

Yadda yake ɓuya a cikinmu

Mun koya wa 'ya mace dauriya tun tana ƙarama. An ce mata ihu a naƙuda abin kunya ne, an ce mata ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wadda aka yaba wa don ta cije a kan gwiwa, da wane baki za ta ce zuciyarta ta gaza? Sannan akwai kunyar ɗan fari. Al'ada ta ce kada uwa ta kama sunansa, kada ta yi masa wasa a gaban mutane. Saboda haka idan ciwo ya sa yarinya ta kasa jin ɗanta a rai, ta juya masa baya tana kallon bango, sai tsofaffi su yi murmushi su ce ga mai kunya. Alamar cuta ta shige cikin rigar ladabi, ba wanda ya gane ta.

In ta yi ƙarfin hali ta yi magana, amsar da ke jiran ta ita ce, "Ke da Allah Ya ba ki, wasu na nema da kuɗi ba su samu ba?" Da wannan kalma ɗaya an mayar da mara lafiya butulu. Ba za ta sake buɗe baki ba, kuma an ƙara mata itace a wutar zargin kai da ke cin ta tun farko.

Sau da yawa ma ba da kalmar baƙin ciki take kawo kukanta ba. Cewa za ta yi kanta na zafi, gabanta na faɗuwa, jikinta ya mutu, wani abu na yi mata yawo, tunani ya yi mata yawa. A asibiti da Turanci ko Twi za a yi magana, layi dogo, ma'aikaciya ɗaya, mata hamsin. Zancen zuciya da harshen uwa ma yana da nauyi, balle da aron harshe, balle in mai fassarar ƙanwar miji ce. Sai a ba ta maganin zazzaɓi da na ƙarin jini ta dawo gida. A gida kuwa a ce iska ce ta shafe ta don ta fita da magariba, ko hannun kishiya ne, ko kambun baka. Ƙarƙashin duk wannan akwai tsoron kalma ɗaya, wato hauka. Dangi na gudun a ce akwai shi a gidansu, kada 'yan matansu su rasa mijin aure. Haka ake rufe ƙofa a kan mace har abin ya yi nisa.

Abin da ake asara

Uwar da ciwon damuwa ya kama tun tana da ciki takan yi sakaci da awo da cin abinci, kuma an ga alaƙa tsakanin ciwon da haihuwar bakwaini da jariri mara nauyi. Bayan haihuwa takan daina shayarwa da wuri, rigakafi ya riƙa wucewa, yaro ya yi gudawa a makara wajen kai shi asibiti. Jariri da fuskar uwarsa yake koyon duniya. Da murmushinta da 'yan surutan da take yi masa ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa, kuma idan fuskar ta daskare watanni yana ji a jikinsa. Aure ma yana girgiza, domin miji zai ga ta canza, ba kwalliya, ba fara'a, sai ya fassara shi da raini ko ƙiyayya. Saki nawa aka yi a zangonninmu da goyo a baya, wanda da an gane ciwo ne da ba a yi shi ba? Ƙarshen abin kuma shi ne rai. Ciwon damuwa yana kai mace ga tunanin kashe kanta, kuma wasu suna aikatawa.

Amsa ga masu ja

Za a ce, "Kakanninmu sun haifi goma goma ba su san wannan ba, cutar Turawa ce." Rashin suna ba ya nufin rashin ciwo. Hawan jini ma yana kashe mutane tun kafin a kawo na'urar awonsa. Kowace unguwa tana da labarin wata da aka ce tun daga haihuwar wane ba ta sake komawa daidai ba. Likitan nan John Cox, wanda shi da abokan aikinsa suka fitar da tambayoyi 10 na gano ciwon a birnin Edinbura a 1987, tun kafin nan ya yi bincike a kan matan karkara a Yuganda, ya kuma same shi a cikinsu. Kakanninmu kuwa suna da abin da jikokinsu suka rasa, wato babban gida mai hannuwa da yawa.

Za a kuma ce raunin imani ne, mai tawakkali ba ya damuwa. Wannan magana ta fi kowace cutarwa, kuma ba ta da tushe. Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari. Akwai shekara guda a rayuwar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da malaman tarihi suke kira shekarar baƙin ciki. Nana Maryamu, da naƙuda ta kai ta gindin dabino ita kaɗai, ga tunanin abin da mutanenta za su ce, har fatan mutuwa ta yi. Ba a tsawata mata ba. An kwantar mata da hankali, aka nuna mata ruwa da ɗanyen dabino. Wanda ya san wannan ƙissa bai kamata ya ce wa mai jego mai kuka imaninta ne ya yi ƙasa ba.

Ba ina cewa a bar addu'a ba ne. Addu'a da karatun Alƙur'ani suna sanyaya zuciya, kuma babu likitan kirki da zai hana su. Mai hawan jini yana addu'a yana shan ƙwayarsa, ba wanda ya ga saɓani a ciki. Abin ƙi shi ne a kwashe wata uku ana hayaƙi da turare ana jiran aljani ya yi magana, ko a kai ga duka da ɗauri, alhali ciwon na ƙara zurfi. Malami mai tsoron Allah shi ne wanda zai yi tofi ya kuma ce wa miji, "Gobe ka kai ta asibiti."

Magani

Matakin farko shi ne a duba jiki, domin ƙarancin jini da rikicewar ƙullin maƙogwaro da ake kira tayiroid suna kawo kasala da faɗuwar gaba masu kama da ciwon damuwa. Haka nan mai jegon da ke haki, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine, zuciyarta ta tsoka ce za a duba da gaggawa. Likitocin Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa yawan kanwa da tsananin gashi suna cikin abin da ke jawo wa masu jego wannan.

In an tabbatar ciwon damuwa ne, kuma bai yi tsanani ba, maganin farko magana ce. Ba hirar tsakar gida ake nufi ba, zama ne mai tsari da wanda aka koya wa aikin. Zai taimaka mata ta gane tunanin da ke danne ta, irin su "ni ba uwa ba ce", ta auna shi da abin da take yi wa ɗanta a zahiri, ta rarraba matsalolinta ɗaya bayan ɗaya, ta koma ga ƙananan abubuwan da ke faranta mata rai. Abin ƙarfafa gwiwa shi ne ba sai babban likita ba. A ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan, inda jama'a Musulmi ne talakawa irinmu, Farfesa Atif Rahman da abokan aikinsa sun koya wa matan da ke aikin lafiya gida-gida wannan hanya. Sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa bayan wata 6, kashi 23 cikin 100 ne kawai na matan da aka yi wa haka suke da sauran ciwon, alhali cikin waɗanda ba a yi wa ba kashi 53 ne. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin koyarwa don sauran ƙasashe. A Harare ta Zimbabuwe kuma, Dakta Dixon Chibanda tsofaffin mata ya horar, suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraren masu damuwa, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya tabbatar da amfaninsa. Sunan da mutanen can ke kiran ciwon ma'anarsa yawan tunani, daidai da yadda muke faɗa.

In ciwon ya yi nauyi, akwai ƙwayoyi. Wasu daga cikinsu, kamar satralin, kaɗan ne ƙwarai ke shiga nono, don haka likitoci suna ba masu shayarwa. Ba sa aiki dare ɗaya, sai an yi mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin sauƙi, kuma akan ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an warke don kada ya dawo. Ba kayan maye ba ne irin taramol, amma ba a yanke su farat ɗaya, kuma ba a sayen su a kemis bisa shawarar maƙwabciya. Wadda take kan irin wannan magani ta sami ciki, kada ta daina da kanta, ta je ta gaya wa likitanta. Barci ma magani ne. Awa huɗu ko biyar a jere, wani ya riƙe jaririn, yana yi wa mai jego abin da romon kaza goma ba zai yi ba.

Kada a ɗauka sai an je Pantang ko Ankaful ko asibitin ƙwaƙwalwa na Akra. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta karkata ne ga a kula da mutane kusa da gidajensu. Asibitocin gundumomi suna da ma'aikatan jinya na wannan fanni, asibitin Komfo Anokye a Kumasi da asibitin koyarwa na Tamale suna da sashensu. Tun 2008 mai ciki ba ta biyan kuɗin shiga inshorar lafiya. Tun 2023 kuma majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, saboda haka babu sauran tsoron 'yan sanda ga wanda ya kai irin wannan mara lafiya asibiti. Ƙofar da ta fi kusa ita ce ungozomar da ke yi mata awo.

Aikin da ke kanmu

Na farko yana kan mai wankan jego. Babu likitan da ke ganin mai haihuwa sau biyu a rana har kwana arba'in, ita tana gani. Idan ta tura kowa waje ta rage daga ita sai ɗiyarta, ta tambaye ta da harshen gida: "In yaron ya yi barci, kina samun barci? Akwai abin da ke faranta miki rai kwanan nan? Kina kuka ke kaɗai? Kin taɓa jin gara ki mutu ki huta?" Tambayar ƙarshe ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sai dai ta sauke masa kaya. In ta amsa da i, kada a yi salati a ruɗe, kada a yi faɗa, kada kuma zancen ya fita tsakar gida. A ce mata, "Na ji ki, ciwo ne, akwai magani, za mu je tare." Idan ana iya horar da kakanni a Harare, magajiyoyinmu da shugabannin adashi da malaman Islamiyya mata za su iya gayyatar ma'aikaciyar jinya mai jin Hausa ta koya wa masu wankan jego na unguwa waɗannan alamu a zama biyu ko uku.

Na biyu yana kan miji. Ragon suna ba shi ne ƙarshen haƙƙinta ba. Ka karɓi yaron da dare, ka raka ta awo ka shiga ciki, ka tsaya tsakaninta da maganganun danginka a kan ta haifi mace ko nononta bai isa ba. Abin da za a kashe a rumfa da kujeru da masu kiɗa, a rage rabi a ɗauki mai taya ta aiki wata biyu. Wanda kuma ke da niyyar ƙarin aure, ba halaccinsa nake ja ba, lokacinsa nake magana. Kawo wa mace wannan labari tana da tsohon ciki ko ɗanyen jego, ɗora dutse ne a kan wanda ke neman nutsewa.

Na uku yana kan dangi da maƙwabta. A raba zuwa barka. Maimakon mutum talatin ran suna, a sa wasu su zo mako na uku, wasu na biyar, wasu bayan arba'in, kowa da kwanon abinci da niyyar wanke kaya. Komawa asibiti na mako shida ya zo daidai da cikar arba'in, sai mu mayar da shi cikin al'ada kamar yadda yawon arba'in yake, a kuma gaya wa ungozoma halin zuciya tare da halin jiki. Limamanmu kuwa, huɗuba ɗaya a kan wannan za ta buɗe bakin da shekaru suka rufe.

Ke kuma 'yar uwa da kike karanta wannan da jariri a cinya, kina ganin kanki a cikinsa: ba ki gaza ba, ba ki yi butulci ba, ba kuma haukacewa kike yi ba. Ko da wani mummunan tunani game da yaron yana faɗo miki yana firgita ki, iyaye mata da yawa sun san shi, kuma ma'aikatan lafiya sun saba jin sa. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ki zaɓi mutum ɗaya da kika amince da shi ki gaya masa yau. In bai gane ba, ki gaya wa na biyu. In tunanin cutar da kanki ko ɗanki ya matsa miki, kada ki jira safiya, ki miƙa yaron ga wani a kai ki asibiti mafi kusa, ko a kira 112. Mata masu yawa sun bi ta wannan hanya sun warke, sun ji daɗin 'ya'yansu.

Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A wannan karon na miji ne, na malami ne, na sarkin zango ne, domin uwa ɗaya in ta durƙushe gida guda ne ya durƙushe. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba masu jego lafiyar jiki da ta zuciya, Ya raya abin da aka samu.